Jirgi Ɗaya a Tsakiyar Ruwa

A shagon da nake aski a Aboabo akwai wani zane a bango: ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, shi kaɗai, rana tana shirin faɗuwa. Babu gaɓa, babu tsuntsu ko ɗaya. Duk ran da na zauna a kujerar sai idona ya tafi can, in ji wani sanyi a zuciya, har in yi wa mai jirgin hassada.

Abin ya daɗe yana ba ni kunya. Mu 'yan zango, in ka keɓe kanka na ɗan lokaci, sai a leƙo a ce, "Lafiya dai?" Ɗaki ɗaya mutum shida, famfo ɗaya gida guda. Wanda ya ce yana son zaman kaɗaici, kamar ya ce ya gaji da danginsa ne. Amma ni na san daɗinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an rufe ƙofar ɗakin watsa shiri, ni da makirufo kawai, a nan nake jin abin da ke raina. Masuntan tafkin Bosomtwe ma haka: kowa bisa guntun katakonsa da ake kira padua, yana tuƙi da hannu. Sai dai su sun san garinsu na nan bakin ruwa, da yamma za su koma.

Akwai wani zane na Winslow Homer, mutumin Amurka, na 1899, mai suna The Gulf Stream. Baƙin mutum ne kwance a jirgi, sandar da ke riƙe ƙyallen iska ta karye, manyan kifaye masu cin mutum sun kewaye shi. Can nesa wani jirgi na wucewa, ba alamar ya gan shi. Shi ma shi kaɗai ne, amma wa zai yi masa hassada?

Wani dare wata uwa ta bugo waya cikin shirina. Ɗanta ya bi ta Agadas zuwa Libiya, saƙonsa na ƙarshe ya ce gobe za su shiga ruwa. Wata bakwai ke nan shiru. Ta roƙi masu saurare addu'a.

Da na koma aski, na tambayi mai shagon ko jirgin nan tafiya yake ko dawowa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Yallaɓai, ni a Kejetia na saye shi, ban tambaya ba."