Husufi da Amincin Mahalicci

A kan wani tudu a birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka akwai gidan kallon taurari mai suna Griffith, wanda aka buɗe a shekara ta 1935. Ba a biyan kuɗin shiga. Da dare, in sama ta yi garau, jama'a sukan yi layi domin su leƙa babban madubin hangen nesa, su ga duwatsu da ramummukan da ke jikin wata. Ran 21 ga Agusta, 2017, sa'ad da wata ya rufe wani sashe na rana, dubban mutane suka taru a filin gidan sanye da tabarau na musamman. Ba wanda ya yi kururuwa ko ya gudu, gama tun da daɗewa an sanar da su ranar da sa'ar.

Ta yaya masana ke sanin wannan? Husufin rana yakan auku in wata ya gitta tsakanin duniya da rana. Na wata kuwa yakan auku in inuwar duniya ta faɗa a kan wata. Faɗin rana ya ninka na wata kamar sau 400, nisanta kuma ya ninka nasa kamar sau 400, shi ya sa ƙaramin wata yake iya rufe ta. Bayan shekara 18 da kwana 11, husufi mai kama da na baya yakan sake dawowa. Wannan lissafi yana yiwuwa ne domin Mahalicci ya kafa tsarin da ba ya kuskure. Littafin Farawa sura 1 ya nuna cewa Allah ya sa haskoki a sararin sama domin su rarrabe lokatai, da kwanaki, da shekaru. A Irmiya sura 33 kuma, Ubangiji ya kwatanta tabbacin alkawarinsa da zuwan dare da rana a kan lokacinsu.

Duk da haka, tsoro bai rabu da zukata ba. A ƙasar Hausa, in wata ya yi zazzaɓi, yara sukan fita suna kaɗa gwangwanaye wai rana ta sake shi. Ran 29 ga Maris, 2006, husufin rana cikakke ya ratsa Gana, Nijeriya da Nijar, duhu ya sauka da safe, bayan 'yan mintoci haske ya komo. A irin wannan lokaci ne masu annabcin ƙarya sukan tashi, suna ƙayyade ranar ƙarshen duniya, suna karɓar kuɗin raunana. Irmiya sura 10 ta gargaɗi jama'ar Allah kada su firgita da alamun sama kamar al'ummai. Yesu kansa ya koyar a Markus sura 13 cewa sanin wannan rana na Uba ne kaɗai.

Duhun da ya sha bamban shi ne na ranar da aka gicciye Almasihu. Ya ɗauki sa'a uku, alhali kuwa cikakken husufin rana ba ya kai minti 8. Ga shi kuma lokacin Idin Ƙetarewa ne, sa'ad da wata yake cikakke, lokacin da ba ya iya rufe rana. Wancan duhu ya sauka ne sa'ad da Ɗan Rago yake ɗauke da zunubin duniya, a rana ta uku kuwa ya tashi.

Saboda haka, in husufi ya zo, bari iyaye su tara 'ya'yansu, su bayyana musu yadda yake aukuwa. Su hana su duban rana da ido tsirara ko da tabarau na kwalliya, gama hakan yana ƙona ido. Mai bi da ke cikin duhun ciwo, ko rashi, ko tsanani, ya tuna cewa a lokacin husufi rana ba ta mutu ba, wani abu ne ya gitta na ɗan lokaci. Ubangiji wanda yake komo da haske a kan kari ba zai manta da nasa ba. Bari ya ƙarfafa ikkilisiyarsa. Amin.