Wa ke cin ribar haƙurin matan Kurfai?

Akwai wata kalmar faransanci da ta cika takardun porje-porje a shekarun nan: résilience. In aka je ƙauye taro, tafinta yakan ce "juriya", wani ya ce "jimiri", wani kuma ya gajarce wa kansa wahala ya ce "haƙuri". Daga nan sai jawabi ya zarce kan mata: matan Tilaberi masu haƙuri, matan Kurfai masu juriya, su ne ginshiƙin yaƙi da hamada. A yi tafi, a ɗauki hoto, mota ta koma Yamai.

Mu ƴan sashen ilimin harsuna, aikinmu ne mu tambayi kalma wa take yi wa hidima. To ku duba wanda ake ce wa "yi haƙuri" a Hausa. Wanda aka taka wa ƙafa. Wanda ke bin bashi ba a biya shi ba. Amaryar da ake rakawa ɗakin miji. Kullum wanda abin ya faɗa wa ne ke karɓar kalmar, wanda ya yi ɓarnar ba a ba shi komi ya ɗauka. Shi ya sa nake tambaya: yabon haƙurin mutum, ba tare da an tambayi wa ya ɗora masa kayan ba, adalci ne ko kuwa hanyar rufe magana ce?

Wanda bai san Kurfai ba, ga yadda take. Dallol Boso tsohon kwarin gulbi ne, ruwa kusa a cikin kwari, gawo da kaba da gonakin hatsi. Ka hau tudu sai fako da tsakuwa. Arewa da Filinge akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak, can gaba wajen Abala kuma ƙasar noma ta fara ba ƙasar kiwo hanya. Tun 1961 doka ta ja layin da noma bai kamata ya ƙetare ba ta arewa, amma jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, gonaki sun ci gaba da hawa. Burtali ya matse, mashaya ta zama abin gardama, ciyawar daji ma yanzu haja ce da ake lodawa a amalanke a kai kasuwa.

Idan shanu suka shiga gona, maza ne ke zama. Maigari, mai gona, mai dabbobi, in abin ya yi tsami a tafi wajen sarki ko zandarma. A ƙiyasta ɓarna, a biya ko a ƙi biya. Babu wanda ke ƙiyasta abin da ya faɗa wa mata. Bafillatana ko Buzuwar da ta saba kawo nono da cuku ta koma da hatsi, ta daina shigowa gari. Mai furar da ke jiranta ta rasa nono. Dajin da ake zuwa icce ya zama wurin tsoro. In kuwa rigima ta kai ga jini, waɗanda ke gida su ake tararwa. A Toda, cikin jihar Maradi, a watan Oktoba na 1991, an kashe Fulani fiye da 100 kan rikicin gona da kiwo, kuma akasarinsu mata ne da yara.

A nan ne wasu abokanmu masu karatu ke kawo ekofeminisim. Kalmar ta fito daga wata Bafaransa, Françoise d'Eaubonne, a 1974, kuma gundarin zancen shi ne: hannun da ke danne mace shi ne ke wawashe ƙasa. Akwai gaskiya a ciki. Matan Reni a Indiya sun tare masu saran daji a 1974, Wangari Maathai ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a Kenya a 1977 har ta kai ga kyautar Nobel a 2004. Amma akwai wani reshe na wannan tunani da ban yarda da shi ba, wanda ke cewa mace ta fi kusa da ƙasa don halittarta, ita uwa ce, ƙasa uwa ce. Zance ne mai daɗin ji, sai dai in ka bi shi zuwa ƙarshe, ya ce ɗaukar icce da jan guga ɗabi'arta ce. Wata masaniya ƴar Indiya, Bina Agarwal, ta ba da amsa tun 1992: sanin da mata ke yi wa daji daga rabon aiki da rabon dukiya ya fito. Ni ma haka na gani a gida. Iyayenmu mata sun san kalgo da sabara da aduwa saboda su ake aika. Kuma in tukunya na jira, mace ma tana saran ɗanyen icce, ba wani tsarki a ciki.

Ɗauki anza. Ƴaƴanta ɗaci gare su kamar maɗaci, dabba ma ba ta damu da su ba. Mata ne suka san a tsinko, a shanya, a ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Da wannan aka tsallake shekarun da tsofaffi ke kira da suna, irin su El-Buhari ta 1984, lokacin da maza suka watse bida, wasu Yamai, wasu Kwatano, wasu Abijan. Wannan ilimi ne na gaske, kuma tsohuwar da ta riƙe gida da shi tana da haƙƙin alfahari. In na je na ce mata haƙurinta tarko ne, za ta kore ni da muciya, kuma da gaskiyarta.

Saboda haka ba haƙurin nake zargi ba. Malamai sun koya mana haƙuri a kan abin da Allah ya ƙaddara, kuma babu malamin kirki da ya ce a bar zalunci ya wuce da sunan ƙaddara. Ruwa ya ɗauke a watan Agusta, wannan daga Allah ne. Amma kamyon da ke kwasar icce zuwa Yamai har tafiyar safiya ta zama ta yini, mutum ne ya tuƙo shi. Fakon da aka ba ƙungiyar mata don babu mai so, suka haƙa rabin wata da tassa cikin rana, suka zuba taki, ciyawa ta dawo, sai mai wuri ya tuna gadon kakansa ne, wannan ma mutum ne. Laifin kalmar da ake shigo mana da ita shi ne tana zuba biyun a ƙwarya guda. Fari da ƙwace duk su zama "yanayi", mace kuma ta jure duka.

A kudancin Maradi abin ya kai har ya sami suna. Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta kan abin da mutanen can ke kira kublen gona: ƙasa ta yi kaɗan, sai a hana mace gamanarta a ce ana hutar da ita. Kalma mai taushi, gona ta tafi. Wa ya ce mu a Kurfai mun fi ƙarfin haka?

Abin da ke ba ni mamaki, ƙasar da ake yi wa kirarin mata masu haƙuri ita ce ƙasar Shibo. Wajen 1925, a Shikal, wannan mace ta tsaya gaban tafiyar Babule, wadda daga baya duniya ta sani da sunan Hauka. Mabiyanta suka juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi, suka ƙi bin umarnin Nasara, har kwamandan Yamai Croccichia ya sa aka kama su aka kulle. Ba ina kiran kowa ya koma bori ba, kada a juya mini magana, kuma rigimarsu ba ta icce ba ce. Ina dai cewa tarihin matan nan yana da "a'a" a cikinsa, kuma ban taɓa jin an ambaci wannan a taron porje ba.

Doka kuwa ba ta rasa ba. Dokar karkara ta 1993 ta ba kowane ɗan ƙasa damar cin moriyar albarkatun karkara ba bambancin mace da namiji, kuma kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo suna da kujerar wakiliyar mata. Musulunci ya ba ɗiya rabonta na gado, ko da yake a gidaje da yawa gona takan tsaya hannun ƴan'uwa maza, a ce ai ita tana gidan wani. A 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani, wadda ta ba manomi iko da itatuwan da ya raina a gonarsa. Madalla. To matar da ke noma gamanar aro fa, ta bar ɗan gawo ya tashi, ta kare shi daga awaki shekara biyar, na wa ne? Da yawa sun san amsar, shi ya sa ba su wahalar da kansu. In wani ya zo ya ce ba su damu da muhalli ba, sai a sake shirya musu taron faɗakarwa.

Hutu na zuwa, da yawanmu za mu koma gida, masu zuwa Filinge, masu zuwa Shikal, masu zuwa Bonkuku. Ina roƙon kowa ya leƙa wajen maigari ko sakataren Kofo, in akwai, ya nemi ganin takardun gona da aka rubuta, na gado da na saye da na aro. Ya ƙirga sunayen mata nawa ne a ciki. Ya tambayi wace ce wakiliyar mata, kuma ran da aka yi zaman ɓarna na ƙarshe, an kira ta ko tana rijiya. Ku kawo abin da kuka samu, mu buga shi a fitowa ta gaba, ƙauye bayan ƙauye.