Abin da Mamaci Ya Goge da Hannunsa

Yau ba karatu na zo da shi ba. Wani abu ne ya faru da ni, kuma har yanzu ina jujjuya shi a raina.

Yayana ya rasu a Sha'aban da ya wuce, Allah Ya jiƙansa. Ɗan kasuwa ne, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Muna shirin rabon gado sai wani bawan Allah ya zo ya ce yana bin marigayi kuɗin kaya tun wajen 2012, babu takarda, babu shaida. Kun san ba a taɓa gado sai an fitar da bashi da wasiyya, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun maimaita wannan. Sai uwargidansa ta tuna cewa a shekarun nan a kwamfuta yake rubuta lissafinsa, wata tsohuwar ta tebur mai Windows XP da aka jefa a sito. Muka kakkaɓe ta, muka jona wuta, ko motsi ba ta yi ba.

Ni da babban ɗansa muka kai ta wurin wani matashi mai gyara. Ya kwance ta, ya zaro rumbun ajiyarta, wanda masu gyara ke ce wa hadi-dis, wani ƙarfe mai nauyi da bai fi tafin hannu da yawa ba. Ya ce, "Malam, ai wannan IDE ne, kwamfutocin yanzu ba su da bakinsa." Ya nuna mini layi biyu na 'yan allurai a gindinsa, inda faffaɗar waya mai rami 40 take shiga. Tun wajen 2003 aka fara komawa SATA, mai siririyar waya. Sai ya ɗauko adafta mai haɗa tsohon baki da USB, da wata wayar wuta daban, don irin wannan babban rumbu yana buƙatar bolt 12 kafin faifansa ya juya, USB kuwa 5 kawai take bayarwa. Ya gyara wani ɗan mitsitsin roba a bayansa, ya kunna. Muka ji ya fara gurnani a hankali.

Abin da ya fara yi ya burge ni. Bai buɗe komai ba sai da ya kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani sabo, ya ce tsohon ƙarfe yana iya mutuwa ana cikin aiki, kuma duk abin da ka rubuta a kansa yana iya danne abin da kake nema.

Foldoji suka bayyana. Lissafin shago shekara-shekara, hotunan suna, karatun Alƙur'ani. Muka bi lissafin kaf, ba mu ga sunan mutumin ba. Sai mai gyara ya ce, "Malam, akwai waɗanda aka goge fa, da yawa. In dawo da su?"

Na ce, wanda aka goge kuma? Ya yi mini bayani: idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta kankare shi. Sunansa kawai take cirewa daga jerin sunaye, ta ce wurin ya zama fili. Abin yana nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa. Akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec da ke tono shi. Wato kamar a cire allon suna daga ƙofar ɗaki a bar kaya a ciki.

Wallahi ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce a dawo da komai. Kuma ba bashin ne kaɗai ya ja ni ba, son sani ne. Ɗan nasa ma ya ce, "Baffa, ai kayan babanmu ne, mu ne magada." A nan na tsaya. Ƙarfen dai gado ne, babu musu, a sayar a raba kuɗin. To asirin da ke ciki fa? Mutum ya zauna shi kaɗai, ya duba abu, ya yanke shawarar kada ya wanzu, ya goge. Wataƙila shirme ne kawai. Wataƙila wasiƙar fushi ce da ya fasa aikawa. Wataƙila kuma abu ne da ya yi nadamarsa, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, gogewar ma tana cikin tubar. Da yana raye na ɗauki wayarsa ina tono, kowa zai ce na yi bin diddigin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana. Mutuwarsa ce ta halatta mini? Ni a ganina ta ƙara tsananta abin ne, don yanzu ba ya nan balle ya ce, "Tsaya in yi maka bayani."

Amma kada wani ya ɗauka abin mai sauƙi ne. A ɗaya ɓangaren akwai haƙƙin mai rai, akwai kuma shi kansa marigayin, wanda in bashin gaskiya ne yana rataye a wuyansa. In na ce sitirta shi nake yi, na bar shi da nauyin kuɗin wani, wace irin ƙauna ce wannan?

Abin da ya faɗo mini shi ne wankan gawa, don ni na wanke shi. Mai wanka dole ya taɓa jiki, amma yana lulluɓe al'aura da zane, ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya wanke inda wanka ya wajaba ba tare da ya kalla ba. Lalura ce ta shigar da shi ɗakin, kuma iyakar lalurar ita ce iyakar izininsa. Sai na tambayi yaron ko manhajar tana iya zaɓe. Ya ce tana iya. Na ce to fayilolin lissafi kaɗai, na Excel. Ban da hoto, ban da wasiƙa, ban da bidiyo. Ɗan marigayi ya ɓata rai, bai dai ce komai ba.

Guda goma sha ɗaya suka dawo, uku a lalace. A cikin ɗaya muka ga sunan mutumin da adadin da ya faɗa, sak.

Kun ga kamar magana ta ƙare ko? Ba ta ƙare ba. Me ya sa aka goge shi? Ɗan kasuwa yakan soke bashi ranar da ya biya. Yakan kuma goge tsohon kwafi don ya yi sabo, ko hannu ya kuskure. Fayil ɗin ya tabbatar an taɓa cin bashin, bai faɗa mana an biya ko ba a biya ba. Muka kira mutumin muka gaya masa abin da muka gani da abin da ba mu gani ba. Ya rantse bai karɓi ko kwabo ba. Magada manya suka yarda a biya shi daga kasonsu, ba a taɓa na ƙananan yara ba.

Na sa mai gyara ya share kwafin da ke wurinsa a gabana, sharewa ta gaske wadda ake rubuta sifili a kan kowane gurbi. Tsohon rumbun kuma yana cikin kabad ɗina, a naɗe cikin leda, da sauran abin da ba mu tono ba. Na so in sa masa guduma, sai na tuna ba nawa ba ne, marayu ma suna da kaso a ciki. Jiya ɗan nasa ya sake kirana. Ya ce akwai hotunan mahaifiyarsa, matar farko da ta rasu yana ɗan shekara shida, ba shi da ko ɗaya, kuma yana zaton suna cikin waɗanda aka goge. Na ce masa ya ba ni zuwa Juma'a.