Alhakin Cutar Da Ba Ta Bayyana Sai Bayan Shekaru

 Ya ƴan'uwa Musulmi, ga wata tambaya da ya kamata kowane manomi da ɗan kasuwa ya yi wa kansa. Idan mutum ya sayar da abincin da ya san ya ɓaci, mai saye ya ci bai ji kome ba, sai bayan shekara ashirin ciwo ya kama shi, kuma babu mai iya cewa ga tiyar da ta jawo, shin akwai alhaki a wuyan mai sayarwa ko kuwa babu?

Gujiya ce ta sa muka ɗauko wannan magana. Akwai wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, tana kama gujiya da masara, musamman idan ruwa ya ɗauke tun kafin gujiya ta nuna, ko aka tone ta ruwa ya sake dukanta, ko aka zuba ta buhu ba ta gama bushewa ba, ko ƙwari suka huda ta. Wannan fumfuna tana haifar da wani dafi da masana suke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da aka kawo daga Burazil. Idan ya yi yawa ƙwarai yana kisa nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Amma ba wannan ne ya fi damunmu ba. Abin tsoro shi ne kaɗan-kaɗan ɗin da ake ci kullum, wanda ke lalata hanta a ɓoye har ya kai ga sankara. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa shi cikin sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara ga ɗan Adam. Ga wanda yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B kuwa, wadda ta yawaita a ƙasashenmu, haɗarin yana iya kaiwa ninki 30 bisa na wanda ba ya ɗauke da ita. Dafuwa da suya irin tamu ta gida ba su kashe wannan dafi, kuma idan aka matse mai, mafi yawansa a cikin tunkuza yake zama, watau cikin ƙuli-ƙulin da yaranmu ke tauna a hanyar makaranta, da yajin da ake barbaɗa wa tsire.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Mai neman kuɓuta zai ce: cuta da mutuwa ƙaddara ce, ga wane ya ci gujiya shekara tamanin lafiya lau. Gaskiya ne, ba duk wanda ya ci ba ne zai kamu. Amma wannan mai magana da kansa ba ya barin ɗansa ya yi wasa a bakin rijiya, ko da yake ya san ba kowane yaro ke faɗawa ba. Ba mu taɓa jin wanda ya ce ƙaddara ce ya bar bakin rijiyar gidansa a buɗe ba. In ƙaddara ba ta ɗauke masa nauyin ɗansa ba, yaya za ta ɗauke masa nauyin ɗan wani?

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa: babu alƙalin da zai ɗora wa mutum diyya a kan abin da ba a tabbatar shi ya haddasa ba. Marar lafiyar nan ya ci daga hannun mutum ɗari, ga ƙwayar cuta a jikinsa tun yana jariri, wa za a kama? Haka ne, babu wanda za a kama. Amma abin da alƙali ke iya hukuntawa daban, abin da ake rubuta wa bawa daban. Alƙali yana neman shaidu ne domin ba ya ganin ɓoye. A ɗauka mutum ɗari kowannensu ya zuba tafi guda na ƙazanta a rijiyar gari, aka sha aka yi ciwo. Ba za a iya ware tafin kowa ba, amma ba mai hankalin da zai ce dukkansu sun wanku saboda sun yi yawa. Laifin mai sayarwa ya cika tun ranar da ya ɓoye aibin, ko ciwo ya biyo baya ko bai biyo ba.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin da kowa ya sani, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai kayan ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Abin lura shi ne ba a jira an ga wanda ya ci ya cutu ba. Kuma danshin nan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tari, shi ne ainihin abin da fumfunar da muke magana a kanta take rayuwa da shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta hana ɓoye aibi da gauraya mummuna da mai kyau a babin ciniki.

Inda maganar ta yi nauyi a zuciyata shi ne wurin matan da ke sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan tsince gujiyarsa, ya kai mai kyau inda ake biya da tsada, ragowar motsattsa da baƙa da mai ɗaci ya sayar da rahusa, kuma ya bayyana aibinta sarai. A zahiri bai yi algus ba. Wadda ta saya kuwa marainiyar marayu ce, ribarta ba ta wuce cefanen yini ba, ta niƙa ta soya, aibi ya ɓace wa ido. Haka ma tsakanin ƙasashe: Tarayyar Turai ba ta karɓar gujiyar ci idan dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan, abin da aka ƙi kuwa yakan ƙare a cikin talakan da ya noma. A ganina bayyana aibi yana isa ne idan cutar a kan mai saye za ta tsaya. Idan mai sayarwa ya san ƙarshenta bakin yaran da ba su ji bayaninsa ba ne, to faɗar da ya yi ba ta sauke masa nauyi ba, kuma rabonsa ya fi na matar, domin shi yana iya jure hasarar tiya biyu, ita ba ta iyawa. Wanda bai taɓa jin wannan magana ba yana da uzurin rashin sani. Mai karanta wannan takarda kuwa ya ji.

Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfinmu. A ƙasar Gini an gwada wasu dabaru a ƙauyuka 20, aka bayyana sakamakon a 2005: tsince gujiya da hannu, shanya ta a kan tabarma har ta bushe sarai, zuba ta a buhun da ke shan iska, da ɗora buhunan bisa katako maimakon ƙasa. Dafin da aka auna a jinin mutanen da suka bi wannan hanya ya kasa rabin na waɗanda ba su bi ba. Tsinta ba ta kawar da shi duka, domin ƙwaya tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da shi, saboda haka allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai a likita ita ce kariya ta biyu, kuma wannan nauyin uba ne. Abin da aka tsince kuwa, kada a zuba wa saniya ko akuyar tatsa, domin dafin yana fita cikin nono. A haƙa rami a binne shi.