Haƙƙin Malamin Daji da Aka Kashe a Bakin Aiki

Malamin daji shi ne ma'aikacin da hukuma ke damƙa wa tsaron gandun daji. Aikinsa ya hana sarar itace ba da izini ba, ya hana farauta da kiwo da noma a cikin iyakar da aka shata, ya tare wutar daji, ya kai rahoton abin da ya gani. Aiki ne mai cin rai. Ƙungiyar ma'aikatan gandun daji ta duniya, wadda aka kafa a 1992, tana fitar da sunayen waɗanda suka mutu a bakin aiki kowace shekara, kuma jerin yakan haura mutum 100. Tun daga 2007 aka ware ranar 31 ga Yuli don tunawa da su. A gandun Virunga na ƙasar Kwango kaɗai an kashe fiye da 200. Irin wannan mutuwa tana ta da tambayoyin da addini da hankali ba su iya kauce musu: ko itace da naman daji sun kai a ba da rai dominsu, mene ne matsayin mamacin, kuma me ya rataya a wuyan waɗanda ya bari.

Kudancin Kaduna wuri ne da tambayar ke da tushe. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa arewacin jihar, shi ya sa ake samun kurmi mai duhu a gindin duwatsun Kagoro, kamar na Nindam, da gandun Nimbia da aka kafa a 1957 aka dasa itatuwan katako a kan hanyar Kafanchan zuwa Jos. Gandun ƙasa guda da jihar ke da shi, Kamuku, yana can Birnin Gwari. En'e ce ta keɓe shi a 1936, gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarsa a 1999, faɗinsa kuma ya kai murabba'in kilomita 1,121. Dajin ya shafe shekaru yana zaman mafakar 'yan bindiga. A sauran dazuzzukan kuwa ɓarnar ta fi zuwa ta hanyar injin yankan katako da ramin gawayi. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi daga Kachia zuwa Zonkwa duk itatuwa ne da suka yi shekaru a tsaye. Madobiya ta sha sara saboda kasuwar ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017.

Sintiri a irin wannan daji tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, da guzurin garin rogo da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Ma'aikaci yana tafe yana duba ƙasa, don tarkon waya da aka ɗana wa gada ba ya bambanta ƙafar dabba da ta mutum. Yana karanta sawu, yana shinshinar hayaƙi. In ya iske murhu da ɗumi da ragar ƙyafe nama a kai, ya san masu wurin ba su yi nisa ba, wataƙila ma suna kallonsa. A da abin da yake tsoro bindigar gargajiya ce mai harbi ɗaya. Yanzu yakan yi kiciɓis da mutanen da makamansu suka fi nasa nesa ba kusa ba. An kashe ma'aikata a Yankari ta jihar Bauchi a hannun mafarauta. A watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya sun hallaka ma'aikatan gandun W a ɓangaren ƙasar Benin, kusa da iyakar Nijar.

Duk da haka ba kowa ke jin mutuwar malamin daji a matsayin rashi ba. Sunansa bai yi farin jini a karkara ba tun zamanin Turawa, lokacin da aka shata gandaye a kan ƙasar da mutane ke ganin ta kakanninsu ce. Da yawa sun san shi a matsayin mai ƙwace gatari, mai cin tarar tsohuwa saboda damin itace, wani lokaci kuma mai kau da kai in babbar mota ta wuce da gungume. Zargin yana da ƙamshin gaskiya a kan wasu. Amma keɓe daji da tsaronsa sun girmi Turawa. Atyap da Bajju da Agworok suna da kurmin da aka ware don al'adun kakanni, ba a sara a ciki, ba kowa ke shiga ba. Farauta ma tana da lokacinta, kuma bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yana da alaƙa da kammala girbi da buɗe lokacin farauta. A ƙasar Hausa akwai hurumi da burtali waɗanda sarki ke hana nomawa. Abin da ya sauya shi ne mai tsaron ya koma ɗan albashi, hukumarsa tana nesa, tsoron da ke kare kurmin a da kuma ya gushe.

Masu ganin mutuwar asara ce tsantsa suna da hujja mai ƙarfi: ran ɗan Adam ya fi na giwa, ya fi itace dubu. Musulunci da Kiristanci duk sun yarda da wannan fifiko, kuma babu malamin da zai ce mutum ya jefa kansa ga halaka don ceton gwanki guda. Kuskuren hujjar yana wajen lissafin abin da ake tsarewa. Kurmin da ke kan dutse shi ke riƙe ruwan da rafuka ke kawo wa ƙauyuka da rani, shi ke hana zaizayar ƙasar da ake shuka citta da masara. Ɗorawa da kaɗanya abincin gida ne da kuɗin cefanen mata. Wanda ya sare su dare ɗaya ya cinye rabon mutanen da ba su ba shi izini ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Malamin daji yana tsaye ne tsakanin dukiyar jama'a da mai son mayar da ita tasa shi kaɗai, kamar mai gadin rumbun gari.

Kouré ta Jamhuriyar Nijar, mai nisan kusan kilomita 60 daga Yamai, ta nuna yadda dabba da rayuwar mutane ke haɗuwa. A 1996 raƙuman dawa na Afirka ta Yamma da suka rage a duniya ba su wuce 50 ba, duk a wannan yanki. Da kulawar hukuma da mutanen ƙauyukan suka haura 600, masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa, samari suka sami abin yi. Ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a wurin: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da Kadri Abdou, shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora. Faransa ta yi wa 'ya'yanta taron girmamawa a filin jirgin sama na Orly. Sunayen 'yan Nijar ɗin biyu sukan zo a ƙarshen labari, alhali ɗayansu ya ƙarar da ƙarfinsa a kan dabbobin da aka zo gani.

A fiƙihun Musulunci keɓe ƙasa don amfanin jama'a yana da asali. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakan Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman ƙasar nan ke karantarwa, ta kawo labarin yadda Umar ya naɗa wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu ya tsare hurumin. Saboda haka aikin halal ne, amana ce daga shugaba, kuma karɓar albashi ba ya zubar da ladarsa in niyya ta gyaru. Game da mutuwar, malamai sun kasa shahada gida-gida. Akwai wanda ya faɗi a fagen yaƙi, wanda ba a yi masa wanka. Akwai kuma waɗanda hadisai suka ba ladar shahada a lahira amma ana yi musu wanka da salla kamar kowa, cikinsu har da wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa. In mai kare dukiyar kansa ya sami wannan daraja, wanda aka kashe bisa zalunci yana kare dukiyar al'umma da aka ba shi amana ya cancanci a yi masa kyakkyawan zato. Sai dai malamai suna hana a yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin shahada, don Allah kaɗai ya san zukata. Abin da ake yi shi ne fata da addu'a: Allah ya karɓi shahadarsa.

Kiristocin Kudancin Kaduna, na ECWA da Katolika da Anglika da sauransu, suna komawa ga sura ta 2 ta Littafin Farawa, inda aka sa mutum a gona don ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Kiyayewar tana cikin aikin tun farko. Sura ta 10 ta Bisharar Yohanna ta bambanta makiyayin da ke ba da ransa don tumaki da ɗan ƙodagon da ke gudu in ya hango kyarkeci. Malamin daji ɗan ƙodago ne a takarda, ana biyansa a ƙarshen wata, dabbobin ba nasa ba ne. Wanda ya tsaya har aka kashe shi ya yi aikin makiyayi da albashin ɗan ƙodago. Cocin Katolika ya daɗe yana keɓe sunan shahidi ga wanda aka kashe saboda ƙin bangaskiyarsa, amma a 2017 Fafaroma Francis ya buɗe wata hanya ta girmama wanda ya miƙa ransa da son ransa domin wasu. Shi ne kuma a 2015 ya fitar da wasiƙar Laudato Si', wadda ta sa kula da halitta cikin wajiban mai bi.

Tunawa da mamacin ba ta kammala sai an dubi wanda ya kashe shi. Wani lokaci gungun 'yan bindiga ne ko 'yan katakon da wani mai kuɗi a birni ya ɗauka haya. Wani lokaci kuma maharbi ne daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da gandun, wanda firgita ta sa ya danna kunamar bindiga. Talauci ba ya halatta jini, kuma dole a kai mai laifi gaban shari'a ko wane ne shi. Amma haɗari ne babba a mayar da makokin ma'aikaci dalilin ƙona ƙauye ko rugar Fulani, ko a ba abokan aikinsa damar harbin duk wanda suka gani a daji. Umarnin da Umar ya ba Hunayyu yana da amfani a nan. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, ya tare garken attajirai irin Ibn Auf da Ibn Affan, don su suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Dokar gandun da ta juya wannan tsari, ta matsa wa mai damin itace ta buɗe wa mai tirela hanya, ita ke sa ma'aikaci ya zama abokin gabar maƙwabtansa, kuma hukumar da ta tura shi a haka tana da nata kaso na alhakin jininsa.

A Zangon Kataf da Kafanchan tunawa da matattu abu ne mai nauyi. Rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayun 1992, da na bayan zaɓen 2011 sun bar kowane ɓangare da nasa jerin sunaye da nasa kaburbura, kowa yana kukan nasa. Malamin daji bai shiga ko ɗaya daga waɗannan jerin ba. Rafin da ya tsare Ba'atyap da Bahaushe da Bafulatani duk suna sha, ba ya tambayar mai ɗiba addininsa. Wannan ya sa mutuwarsa take cikin 'yan kaɗan da limami da fasto, Agwatyap sarkin Atyap da ardo, za su iya zama a tabarma ɗaya su yi ta'aziyya babu mai zargin wani. Shi ne kuma ya sa ake saurin mantawa da shi, don babu ƙungiyar ƙabila ko ta addini da ke ganin gawar tata ce.

Yadda ake tunawar ya bambanta. A gidan Musulmi zaman makoki kwana 3 ne, matarsa ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Wasu na yin sadakar uku da bakwai da arba'in, 'yan Izala suna ganin ba ta da asali, amma kowa ya yarda da addu'a da biyan bashin mamaci da sadaka mai gudana, kuma hadisi ya ƙidaya dashen itacen da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci a cikin sadaka. Kirista ana yi masa sujadar jana'iza, bayan shekara a yi ta tunawa, sau da yawa a buɗe dutsen kabari. Abokan aiki sukan kawo kakinsa da takalmansa gida a cikin jaka, su yi fareti ranar 31 ga Yuli.

Addinan biyu sun fi tsananta magana a kan gwauruwa da maraya fiye da kan bikin tunawa, kuma doka ta bi sahu. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan iyalan wanda ya mutu a bakin aiki. Samun kuɗin yakan buƙaci takardar shaidar mutuwa, rahoton 'yan sanda da takardar kotu ta rabon gado, abubuwan da kan sa matar da ke ƙauye ta yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna ko Abuja. Akwai kuma waɗanda ke shiga daji tare da ma'aikatan ba tare da takardar ɗaukar aiki ba: mafarautan da aka ɗauka nuna hanya, 'yan sa-kai, da leburorin wucin gadi. In aka kashe ɗayansu, iyalinsa ba su da fayil a ofis da za su bi, sai abin da hukumar gandun ko masarauta ko maƙwabta suka ga damar tarawa.