Bangon da Ruwa Ya Ci: Tsakanin Ƙaddara da Sakaci

A garuruwan ƙasar Hausa, inda har yanzu gidaje masu yawa ginin ƙasa ne, watan Agusta ne damina take kai maƙura, kuma a cikinsa ake yawan jin bango ya faɗa wa masu barci, sannan a wurin gaisuwa a ce ƙaddara ta riga fata. Maganar gaskiya ce a babin aƙida, domin babu musulmin da yake musun cewa ajali a rubuce yake, sai dai ba ta amsa tambayar da malaman fiƙihu suka tsaya a kanta ba, wato ko akwai alhaki a wuyan wanda ya ga bangonsa yana lalacewa ya ƙyale shi.

Ruwa ba ya kayar da bango farat ɗaya. Yakan kwanta a gindinsa idan kwata ta toshe, ko ya tsiyayo daga sama idan indararo ya karye, har yaɓe ya ɓamɓare, tushe ya zaizaye, tsaga ta bayyana, ginin ya fara karkata. Saboda sanin haka ne maginan gargajiya suke sabunta yaɓe kafin faɗuwar ruwa, suna haɗa shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko su shafe soro da laso, wato haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Shafen siminti a kan bangon ƙasa, wanda ya zama yayi, yakan ɓoye damshin a ciki ne kawai, ido yana ganin lafiya alhali ƙasar ta riga ta jiƙe.

Mukhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda ake karanta littafinsa a zaurukan Kano da Sakkwato, ya ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata na rai ko dukiya, a kan mai bangon da ya karkata, matuƙar an gargaɗe shi kuma gyaran mai yiwuwa ne kafin faɗuwar. Abin lura a nan shi ne hukuncin ya rataya ne a kan sani da iko, ruwan sama kuwa ba ya zama uzuri ga wanda aka riga aka jawo hankalinsa. Haka nan wanda ya karkata indararonsa yana zuba a jikin katangar maƙwabci ya shiga cikin cutarwar da hadisin Muwaɗɗa ya hana, kuma irin wannan jayayya ce Ibnur Rami, wani magini a Tunis a wancan ƙarni, ya tattara hukunce-hukuncenta a littafi guda.

Wuri mafi wuya shi ne na talakan da ya san bangonsa zai faɗi, yana kwana a ƙarƙashinsa da 'ya'yansa, amma ba shi da kuɗin magini. Kiran wannan sakaci zalunci ne, barinsa da sunan ƙaddara kuma ya fi muni, domin nauyin da ya fi ƙarfinsa yana komawa kan dangi da unguwa. Suratul Kahfi ta ba da misalin irin wannan ɗauki a labarin Halliru, wanda ya tarar da bangon marayu biyu yana shirin faɗuwa a garin da aka hana shi da Annabi Musa abinci, ya tayar da shi bai karɓi ladan aiki ba.