Katanga Tsakanin Sutura da Cutarwa a Ƙasar Nguru da Gashuwa

Shinge, a ma'anarsa mai faɗi, shi ne duk abin da aka kewaye gida da shi domin ya raba ciki da waje, ko katangar ƙasa ce, ko ta bulo, ko zana, ko dannin kara, ko jerin itatuwa masu rai. Tambayar da take ƙarƙashinsa tsohuwa ce a fiƙihu: tunda mai gida ne ya sayi kayan da kuɗinsa, ya kuma kafa su a filinsa, shin hukuncin katangar nasa ne shi kaɗai? Amsar da ta fi ƙarfi ita ce a'a, domin katanga fuska biyu gare ta, mai ita yana zaune da guda, maƙwabci ko mai wucewa yana zaune da ɗayar ba tare da an shawarce shi ba, kuma a wuri irin arewacin Jihar Yobe yanayin ƙasa da na sama ba sa barin wannan magana ta tsaya a cikin littafi.

Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe a 1930, da Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade a bakin Kogin Yobe, suna zaune ne tsakanin ƙasa iri biyu masu saɓanin hali. Akwai jigawa, wato rairayi mai laushi wanda ruwa ke nutsewa a cikinsa nan take, wanda kuma yake ƙara yawa in an nufi Machina da Yusufari. Akwai kuma lakar fadama ta dausayin Haɗejiya da Nguru, wadda take kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe. Damina gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, amma hadarinta daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, sannan hunturu ya biyo da iskar arewa maso gabas mai ɗauke da ƙura. Shingen da zai rayu a nan dole ya jure duka huɗun: rairayin da ba ya riƙe tushe, lakar da take motsi, ruwan da yake dukan fuskar gabas, da iskar da take tara yashi a gindin duk abin da ya tare ta.

Asalin halaccin shinge, har ma da kyawunsa, sutura ce, wato kare abin da bai kamata idon bare ya faɗa kansa ba. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Tsarin gidan Bahaushe da na Babarbare, da zaurensa da ƙofar da ba ta kallon tsakar gida kai tsaye, fassarar wannan umarni ne da ƙasa da itace. Abin lura shi ne hurumin bai rataya da tsadar kayan ba. Zanar talaka wadda yaro zai iya turewa da hannu ɗaya tana da alfarma daidai da katangar attajiri, domin abin da yake tsare ta hukunci ne da kunya. Masu cewa kewaye gida rauni ne a tawakkali kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da ɗaure raƙumi kafin dogara ga Allah ya ishe su amsa.

Wahalar tana ɗaya fuskar. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ƙa'idar da ta haramta cuta da ramuwar cuta, malaman mazhabarsa kuma suka gina hukunce-hukuncen gini masu yawa a kanta. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci, da kafa ƙofa daura da tasa, da haƙan da zai cutar da shi. Ibn al-Rami, magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan irin waɗannan rigingimu, yana haɗa fatawar malamai da abin da ya gani a bakin aiki. Daga cikin hukunce-hukuncen Malikiyya akwai na katangar da ta karkata: idan an gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya yi biris har ta faɗa kan mutum ko dukiya, lamunin ɓarnar, wato nauyin biyanta, yana wuyansa. A nan ne sanin ƙasa yake shiga cikin addini, domin wanda ya aza bulo a kan laka da tushe mara zurfi, ko ya rage siminti har bulon yana marmashewa a hannu, ya riga ya shuka karkatar tun ranar da aka haƙa rami. Wanda ya duba gindin irin wannan katanga a unguwar da ƙasarta take da kanwa zai ga farin busa-busa ya hau layi biyu ko uku na ƙasa, filasta ta kumbura tana ɓamɓarewa, yashi yana zuba in an sa farce, alhali samanta yana nan da fentinsa. Ƙarƙashin irin wannan inuwa ne yara suke wasa, tsofaffi suke shimfiɗa tabarma da la'asar.

Saboda haka babu kayan shingen da ya fi wani daraja a kan kansa. Kowanne da inda ya dace. Zana, wadda ake saƙawa da gamba, da dannin karan gero, sun dace da jigawa domin ba su da nauyi, iska tana ratsa su ba ta kayar da su gaba ɗaya, in sun faɗi kuma ba sa kisa, sai dai gara tana cin dirkokinsu, gobarar hunturu ba ta yi musu da sauƙi, kuma sabunta su kusan kowace shekara nauyi ne a kan itatuwan da dama sun yi ƙaranci. Katangar ƙasa mai faɗin gindi tana sanyaya gida a zafin bazara, amma tana neman yaɓe kafin kowace damina, musamman ta gabas, kuma ba ta jure tsayuwar ruwa. Kwano yana da saurin kafawa, sai dai guguwar farkon damina tana iya fizge shi ta yi jifa da shi cikin gidan wani. Bulo, wanda yau ake ɗauka alamar rufin asiri, shi ne mafi ƙarko in an ba shi haƙƙinsa na zurfin tushe da ginshiƙan rodi da kariya daga damshi, shi ne kuma mafi haɗari in an tauye shi. Aguwa kuwa, tsiron nan mai farin ƙaro da ake yankan rassansa a cusa a rairayi da rani su kama ba tare da ban-ruwa ba, ta cancanci girmamawa fiye da yadda ake ba ta: dabbobi ba su cika taɓa ta ba, tana riƙe yashi, kuma ita kaɗai ce a jerin take ƙara ƙarfi da tsufa.

Mas'alar da ta fi tsanani ita ce ta ruwa. Ambaliyar 2022, wadda ta ci unguwanni a Gashuwa, ta nuna abin da mazauna bakin kogi suka daɗe da sani, cewa ruwan da aka tare a wani wuri ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake nufa, kuma sau da yawa gidan wanda ba shi da halin ɗaga tushensa. Mai kuɗi yana cike filinsa da ƙasa, ya zagaye shi da bulo, ya toshe hanyar da ruwan sama ya saba bi, sai katangar ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta zube. Babu wanda zai ce kada mutum ya kare iyalinsa daga ruwa. Amma ƙa'idar hana cuta ba ta yarda a kawar da cuta da wata cutar irinta ba. Rariya, wato 'yar kafar da ake bari a gindin katanga domin ruwa ya wuce, da indararon da aka juya bakinsa ya zuba a fili maimakon jikin bangon maƙwabci, ƙananan abubuwa ne a idon magini, amma a kansu haƙƙin maƙwabtaka yake tabbata ko ya rushe a wannan ƙasa.

Sai iyaka. Zana tana tafiya: duk shekarar da aka sake ta, dirka kan gusa da tafin hannu, ba lalle da mugun nufi ba, har ranar da aka zo aza bulo a kan layin da ba shi ne na asali ba, rigima ta tashi tsakanin 'ya'yan mutanen da suka zauna lafiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito azaba mai tsanani ga wanda ya ci taƙi guda na ƙasar wani, Muslim ya ruwaito la'ana ga mai canza alamar iyaka, an kuma ƙayyade kamu bakwai ga hanya idan an yi jayayya a kan faɗinta. Lungun da kowa ya ci ɗan kaɗan daga gare shi har amalanke ko makara ba ta iya juyawa a ciki haƙƙin jama'a ne aka cinye, kuma neman yafiyarsa ya fi wuya tunda masu shi ba sa ƙirguwa.

Akwai hadisin Abu Huraira da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa, wanda Malikiyya suka ɗauka a matsayin abin so ba abin da alƙali zai tilasta ba. Hadisin ya ɗauki katanga a matsayin wurin da gidaje biyu suke jingina da juna, kuma wannan fahimta ce take raguwa a sababbin unguwanni, inda ake ganin katanga biyu baya da baya da ɗan tsukin da ba ya amfanar kowa sai shara da kunama a tsakaninsu. Tsohuwar al'adar kiran maƙwabci da mai unguwa su tsaya a ja igiya kafin a sara ƙasa tana warware yawancin waɗannan matsaloli a safiya guda, domin a tsayuwar nan ne ake nuna tsohuwar dirka ko kututturen aguwa, a yarda da inda rariya za ta fita, a kuma ji daga bakin dattijon da ya riga kowa zama inda ruwa ya tsaya a shekarar da kogi ya fi cika.